Yaran aji 1 da 2 suna rera waƙa ba gargada, amma rubutu ya gagara: ina gyaran yake?

Malama Binta:
Assalamu alaikum malamai. Akwai matsalar da ta zama ruwan dare a ƙananan azuzuwan firamare, ina so mu tattauna ta. Yara 'yan shekara 6 zuwa 8 sukan haddace waƙar haruffa da ta ƙidaya da ta ranakun mako, su rera su tiryan-tiryan. Amma da an ce su ɗauki fensir su rubuta jimla ɗaya daga kansu, sai rabin aji su hau tauna fensir, sauran kuma su leƙa littafin na kusa da su. Taken da aka fi ba su shi ne "Makarantarmu" ko "Abokina". Tambayata biyu ce. Wane irin take ne ke sa yaro ya yi rubutu da gaske? Kuma ta yaya za a haɗa waƙar da rubutun su zama darasi ɗaya?

Malam Isyaku:
Wa alaikumus salam Malama. Laifin farko na taken ne. "Makarantarmu" ya yi wa yaro faɗi, bai san ta inda zai kama ba. Mu duba aikin da ɗan shekara 6 ke yi kafin jimla ɗaya ta sauka a takarda: sai ya zaɓi abin da zai faɗa, ya shirya shi ya zama jimla, ya riƙe jimlar a kansa kada ta gudu, ya farfasa kalmar farko zuwa sautuka, ya tuno siffar kowane harafi, ya sarrafa yatsunsa su zana shi, sannan ya tuna ya bar fili kafin kalma ta gaba. Babba yana yin mafi yawan waɗannan ba tare da tunani ba. Yaro kuwa kowanne sai ya ci masa hankali. Idan malami ya bar masa duka a lokaci guda, kafin ya gama harafi na uku ya manta abin da yake son cewa.

Don haka take mai kyau shi ne wanda ya sauke masa nauyin farko. Abu ɗaya ne a cikinsa, abin da yaro ya sani da ido, kuma wani abu ya same shi. Misali: "Ka tashi da safe ka tarar takalminka ƙafa ɗaya ya tafi yawo. Ina ya je?" Ko: "Tsuntsu ya shigo ta taga ya sauka a kan teburin malam. Me ya ce?" Ko: "Yau inuwarki ta ƙi bin ki. Me ya ɓata mata rai?" Ku lura kowanne ya ƙare da tambaya ɗaya tak, kuma babu amsar da za a ce kuskure ce.

A guji take irin su "Tafiyar da na yi lokacin hutu" ko "Kyautar da aka saya mini". Akwai yaron da bai je ko'ina ba, ba a kuma saya masa komai ba. Ko dai ya yi shiru ko ya ƙirƙiro abin da zai rufa wa kansa asiri, kuma duka biyun ba su ne muke nema ba.

Malama Zulai:
Na yarda da batun take, Malam. Amma ni waƙar ce ban gamsu da ita ba. Yaro zai rera daga ɗaya har ashirin, ka ce ya miƙo maka duwatsu bakwai, ya dumbuzo maka cike da hannu. Zai rera Lahadi, Litinin, Talata, ka tambaye shi wace rana ce ke bin Laraba, sai ya koma Lahadi ya taho a jere kafin ya amsa. Wannan hadda ce kawai. Minti 15 da ake ƙonawa a waƙa kowace safiya, da an sa su a koyar da sautin haruffa kai tsaye da an fi cin riba.

Malam Nura:
Malama Zulai, abin da kika bayyana gaskiya ne, amma ciwon yana wurin yadda ake amfani da waƙar. Waƙa tana shigar da jerin kalmomi cikin kai a matsayin dunƙule ɗaya. Idan aka bar ta haka, yaro ba ya gane cewa dunƙulen ɓangarori ne da za a iya warewa. Aikin malami shi ne ya ɓalle dunƙulen bayan ya zauna.

Waƙar ranaku: kada a fara ta daga Lahadi kullum. Ranar Laraba a fara daga Laraba a zagayo, ranar Alhamis daga Alhamis. Cikin mako biyu ko uku yaro zai iya kama zaren daga ko'ina.

Waƙar ƙidaya: kada baki ya motsa sai yatsa ya taɓa abu. Kowane yaro da duwatsu ko murafen kwalba 10 a gabansa, lamba ɗaya, ya tura abu ɗaya gefe. Dole waƙar ta rage gudu, kuma abin da ake so ke nan. A tsaya a tsakiya, a ce a shida, a tambaya "nawa ne a gefe yanzu?" Yaron da ya sake ƙirgawa daga ɗaya bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin duka ba, shi ke buƙatar ƙarin aiki. Bayan haka a rera ta da baya, goma zuwa ɗaya.

Haka ba-be-bi-bo-bu. In dai a jere ake nunawa, yara ba sa ma kallon allo. A rubuta gaɓoɓin a kan katuna biyar, a hargitsa su, a riƙe karin amma a bi sabon jeri: bo-ba-bu-bi-be. Nan take za a ga mai karantawa da mai bin yarima.

Minti 15 kuwa ya yi yawa, a nan ina tare da ke. Uku zuwa biyar ya isa.

Hajiya Talatu:
Allah ya ƙara sani Malam Nura. Bari in ƙara a kan maganar Zulai, don tana da hujja. Kwamitin da ya yi nazarin koyar da karatu a Amurka, wanda ya fitar da rahotonsa a 2000, ya ambaci ginshiƙai biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Waƙa tana taimaka wa na farko da na huɗu sosai, tana taɓa na uku idan ana bin rubutunta da ido. Na biyun kuwa sai an koyar da shi a fili, harafi bayan harafi. Wanda ya ce waƙa za ta maye gurbin wannan ya yaudari yara.

Malama Binta:
To Malam Nura, ta yaya waƙar za ta kai mu ga rubutu? Nan ne gizo ke saƙar.

Malam Nura:
Da waƙa mai gurbi. Ana tsara ta ne da gangan a bar wurin da yaro zai cusa kalmarsa. Ga samfuri mai ɗango huɗu, aji ya rabu biyu, ɓangare na tambaya ɓangare na amsawa:

Ƙwan, ƙwan, ƙwan, wa ke ƙofa?
Ni ce kyanwa, buɗe ƙofa.
Me kika zo da shi yau?
Na zo da jan takalmi.

Ranar farko a koyi wannan baitin kaɗai. Malami ya rera shi gaba ɗaya sau biyu ko uku yara na saurare, sannan ɗango-ɗango suna maimaitawa, sannan ɗango biyu-biyu. Rana ta biyu a kafa shi a rubuce a kan babbar takarda, a bi kalmomin da sanda ana rerawa. Rana ta uku a rufe "kyanwa" da "jan takalmi" da farar takarda, yara su kawo nasu. Wani zai ce zomo. Nan da nan sai aji ya ji "ni ce zomo" bai zauna ba, a koma "ni ne zomo", ɗango na uku kuma ya zama "me ka zo da shi yau?" An koyi jinsi ke nan ba a ambaci sunan nahawu ba. Haka idan aka canja takalmi da hula, "jan" zai koma "jar". Rana ta huɗu kowa ya rubuta baitinsa, ɗango na biyu da na huɗu kawai, ya zana baƙonsa. Rana ta biyar a cire waƙar a ba da take: "Ka buɗe ƙofar. Me ya faru?" Yanzu yaro yana da baƙo, yana da abin da baƙon ya riƙo, kalmomin sun yi kwana huɗu a bakinsa. Abin da ya rage masa shi ne labarin.

Game da tsara waƙar kanta, ga abubuwan da ke lalata ta. Ɗango ya wuce gaɓa 8 ko 9, numfashin yaro ba ya kai wa, sai ya haɗiye ƙarshen. Malami ya ɗauko murya ƙasa-ƙasa daidai da maƙogwaronsa, musamman maza, sai yara su kasa bi su koma ihu ko gunaguni. Muryar yaro ta fi ta babba sama kuma zangonta gajere ne, don haka a ɗaga farawar, kada karin ya yi ta hawa da sauka mai nisa. Tsarin koyar da waƙa da ake dangantawa da masanin kiɗa Zoltán Kodály na ƙasar Hungari da amo biyu kacal yake fara wa ƙanana, sannan a ƙara na uku, kuma wannan ya wadatar da waƙar aji 1.

Babban kuskure kuma shi ne aro karin waƙar wani harshe a tilasta wa kalmomin Hausa su shiga ciki. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. In aka ɗora gaɓa mai dogon wasali a kan gajeren bugu, ko aka ja gajeriya, kalmar takan sauya kama har yaro ya kasa gane cewa ita ce wadda yake faɗa a gida. Hanya mafi sauƙi: a faɗi ɗangon da baki kamar magana sau biyar ko shida ana tafi, a ƙara jan muryar kaɗan-kaɗan, karin zai fito daga cikin maganar da kansa.

Malam Garba:
Tsarin ya yi kyau a takarda. Amma a aji mai yara 70, ranar rubutu za a sami "Ni ce kyanwa, na zo da jan takalmi" sau 60. Abin da ke kan allo shi za su kwafa.

Malam Isyaku:
Haka ne, in an bar shi a allo. Dokoki biyu ke maganinsa. Na farko, duk dabbar da aka yi misali da ita tare ta riga ta shiga gida, ba mai sake kawo ta. Kyanwa da zomo sun fita daga zaɓi. Na biyu, kafin a buɗe littattafai, kowane yaro ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa jimlarsa da baki, ɗayan ya maimaita masa ita. Minti biyu zuwa uku. Jimlar da aka riga aka furta aka ji ta a bakin wani ta zama mallakar mai ita, ba ya saurin sakinta ya ɗauki ta allo. Sannan a goge misalin, a bar mabuɗin kawai: "Ni ne..., Ni ce..., Na zo da..."

Ga yadda zan raba minti 30: waƙa 3, gabatar da take 2, hira bibbiyu 3, rubutun haɗin gwiwa a allo 5, zane 4, rubutun kowa 10, karantawa 3. A rubutun haɗin gwiwa malami ya yi tunani da ƙarfi yara na ji: "Ina son rubuta tsuntsu. Mu tafa: tsun-tsu, gaɓa biyu. Tsun, me kuka ji a ƙarshe?" Abin da suke koya a minti biyar ɗin nan shi ne yadda ake yi idan kalma ta cije.

Zanen kuma a sa masa iyaka. In ba a ƙayyade ba zai cinye lokacin rubutu duka, yaro na ta yi wa kunkuru ado. Fensir kawai, launi sai an gama rubutu.

Malama Zulai:
Me ya sa ma za a yi zanen kafin rubutu? A gani na a bar shi ya zama lada ga wanda ya gama.

Anti Maryam:
Yaya Zulai, a aji 1 zanen shi ne ke riƙe wa yaro tunaninsa. Yana cikin fama da harafin "g" sai jimlar ta kuɓuce masa, ya ɗaga ido ya ga kunkurun da ya zana riƙe da laima, ta dawo. Yana kuma taimaka wa malami: rubutun da ba ya karantuwa, in an dubi hoton sau da yawa ana gane abin da ake nufi, a iya amsa wa yaron a kan maganarsa. Daga tsakiyar aji 2 za a iya juya tsarin, rubutu ya riga zane, domin a lokacin hannu ya fara sabawa.

Malam Garba:
To mu zo kan jan biro. Ni ra'ayina duk kalmar da aka rubuta ba daidai ba a gyara ta nan take. Abin da hannu ya maimaita shi yake zama. Manya nawa ne yau ke rubuta "yazo" da "zasu" a haɗe? Daga irin wannan sakaci ya faro.

Hajiya Talatu:
Malam Garba, a nan za mu rabu kaɗan. Yaron da ya rubuta jimla uku aka dawo masa da su jajir, gobe jimla ɗaya zai rubuta, da kalmomin da ya tabbata ya iya. An samu rubutu mai tsabta, an rasa marubuci. Tun a 1971 masanin harshe Charles Read ya nuna cewa rubutun da ƙananan yara ke ƙirƙira da kansu yana bin tsari, suna rubuta abin da kunnensu ya ji ne. Kurakuran suna gaya wa malami inda yaro ya tsaya, kuma a Hausa kusan iri huɗu ne ke ta dawowa.

Baƙin da ke rufe gaɓa yakan faɗi: "tsutsu" maimakon tsuntsu, "takami" maimakon takalmi. Baƙi mai ninki yakan zama ɗaya: "hanu" maimakon hannu, "baba" maimakon babba. Ƙugiya takan ɓace: baki da baƙi, kafa da ƙafa, duka da duƙa, da da ɗa. Sai haɗe kalmomi: "nazo", "yace", "shine". Kowanne da maganinsa daban. Mai zubar da baƙin ƙarshen gaɓa, tafi yake buƙata da jan gaɓar: tsunnn-tsu. Mai haɗe kalmomi, a sa shi ya ajiye dutse ɗaya ga kowace kalma yana faɗar jimlar, "na, zo, da, hula", huɗu, sannan ya sa yatsa tsakanin kalmomi yana rubutu. Jan layi a ƙarƙashin duka ba ya koya masa ko ɗaya daga ciki.

Abin da nake ba malamai shawara: gyara ɗaya a rubutu ɗaya, da fensir, a rubuta daidai ɗin a ƙasan kalmar yaron ba a kanta ba, yaro ya sake rubuta ta sau ɗaya. Kafin gyaran kuma a ce wani abu game da labarin.

Malam Garba:
Ranki ya daɗe, in gyara ɗaya ne a mako, sai yaushe za a gama? Shekara za ta ƙare ƙugiya ba ta zauna ba.

Malam Isyaku:
Ku biyun za ku iya haɗuwa a tsakiya. A kafa gajeren jerin kalmomi a bango, waɗanda ba a yafe kuskurensu domin suna gaban yaro: ya, ta, na, sun, yana, tana, ne, ce, da, za. A fara da biyar, a ƙara biyu kowane mako. Duk wanda ya kawo littafi da kuskure a ɗayansu, a nuna masa bango ya gyara da kansa. Sauran kalmomi, irin su kunkuru ko walƙiya ko jirgi, ya gwada da kunnensa, a karɓa. Ƙa'idar rubutu kuma tana da nata darasin na minti 10 a wani lokaci daban, inda malami zai ɗauko kuskuren da ya fi yawa a littattafan makon ya koyar da shi ga aji duka. In yara 30 sun rubuta "yazo", darasi ɗaya a allo ya fi gyara 30 a littafi.

Malam Garba:
Wannan na karɓa, da sharaɗin duk rubutun da za a liƙa a bango ko a haɗa littafin aji da shi a gyara shi tsaf, tunda wasu yaran za su karanta su ɗauka.

Hajiya Talatu:
Babu ja a nan. Abin da za a karanta a koya daga gare shi dole ya zama daidai.

Malam Nura:
Tunda an taɓo ƙugiya, ga inda waƙa ke aiki fiye da bayani. A ɗauki tagwayen kalmomi a sa musu motsi: "baki", a taɓa leɓe, "baƙi", a nuna allo. "Duka", a buɗe hannuwa a haɗa kowa. "Duƙa", a sunkuya. Malami ya faɗi ɗaya, yara su yi motsin, yana ƙara sauri. Daga baya ya daina faɗa, ya ɗaga kati kawai. Wanda bai kalli kan harafin ba zai tsaya a miƙe kowa ya sunkuya, shi da kansa zai fara duba ƙugiyar.

Amma kada a koyar da b da d da ɓ da ɗ a mako ɗaya. Juya b da d abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara 7, mu kuma muna da huɗu masu kama da juna. A bar b ta zauna sosai, a saka wasu haruffa masu siffa daban a tsakani, kamar m da s da k, sannan d ta zo. Masu ƙugiya su biyo bayan 'yan'uwansu sun kafu. Hannu ma yana taimakawa: b daga sama ake fara ta, sanda sannan ciki, d daga zagaye ake fara ta, sannan sanda. In an koyar da su da motsin hannu daban, rikicewar na raguwa.

Malama Binta:
Yaron da bai rubuta komai ba fa? A kowane aji akwai biyar ko shida da ke miƙo takarda fara fat, ko zane kawai.

Anti Maryam:
Take ɗaya za a ba kowa, Malama, abin da ake jira daga kowa ne ya bambanta. Na matakin farko ya zana ya rubuta harafin farko na sunan abin, ko sunan duka in ya iya. Na biyu ya cike gurbi a jimlar da aka fara masa. Na uku ya rubuta jimla ɗaya tasa. Na huɗu jimla uku da "wata rana", "sai", "daga ƙarshe".

Ga na farkon akwai dabarar layuka. A tsuguna kusa da shi a tambaye shi me ke faruwa a hotonsa. Ya ce, misali, "kare ya gudu". A maimaita tare da shi ana ƙirga kalmomi da yatsu, uku. A ja masa layi uku a ƙasan hoton, na farko da na ƙarshe dogaye, na tsakiya gajere. Ya nuna layukan ya sake faɗar jimlar, sannan ya rubuta duk sautin da ya ji a kan kowane layi. Ko "k", "ya", "gd" ya rubuta, an yi nasara, domin ya gane cewa magana kalmomi ce kuma kowace da mazauninta. Ba ya ɗaukar fiye da minti ɗaya ga yaro ɗaya.

Akwai kuma abin da wata malama mai suna Sylvia Ashton-Warner ta yi da yaran ƙabilar Maori a ƙasar New Zealand: yaro ya zaɓi kalmar da yake so da kansa, malama ta rubuta masa a kati ya riƙe. Kalmar da yaro ya nema da bakinsa takan zauna da wuri. Katuna 8 ko 10 a cikin ambulan sun isa ya fara haɗa jimla da su.

Kafin a yanke hukuncin cewa yaro malalaci ne, a duba abu uku. Yana jin magana daga bayan aji? Yana ganin allo, ko yana runtse ido? Fensirin ya yi masa tsawo ko tsini ya karye yana tsoron faɗa? Bahago kuma a zaunar da shi a gefen hagu na benci don gwiwar hannunsa kada ta riƙa karo da ta maƙwabci, a karkata masa takardar, kada a tilasta masa komawa dama.

Malam Nura:
Ƙari a kan wannan: yara masu in'ina da yawa sukan rera waƙa sumul, musamman cikin taro. A ba su damar jan baiti tare da wani yaro, amma kada a tsayar da su su kaɗai su karanta rubutunsu sai sun nema.

Malama Zulai:
To na sassauto, amma ina da sauran tambaya. Waƙa nawa a zango? Wasu malamai kowace rana da sabuwa.

Malam Isyaku:
Sabuwa ɗaya a mako, in mai gurbi ce ma tana iya kai mako biyu tunda kullum baitinta sabo ne. Zango mai mako 12 ke nan waƙa 6 zuwa 12. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne komawa kan tsofaffi. Tun gwaje-gwajen da Bajamushen masani Hermann Ebbinghaus ya yi a kan hadda, ya wallafa a 1885, aka san cewa maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya riƙuwa. Don haka kowace safiya sabuwar sau biyu, tsohuwa ɗaya sau ɗaya, ana juyawa. Takardun waƙoƙin a rataye su a igiya daidai tsayin idon yara, haruffa kada su gaza santimita 5, ɗango ɗaya a layi ɗaya, baƙin alƙalami mai kauri. Su ne ƙamus na farko da yaro zai yi amfani da shi: in yana son rubuta "ƙofa", ya san waƙar da take ciki, ya je ya bi da yatsa yana rerawa a ransa har ya iso kanta.

Gwajin ko waƙa ta koyar da karatu ba shi da wuya. A yanka ɗango ɗaya kalma-kalma, a hargitsa, a ba yaro ya jera. Ko a nuna kalma ɗaya daga tsakiya ba tare da an rera ba. In ya kasa, waƙar na bakinsa ne kawai, a ƙara kwana biyu ana bin ta da sanda a hankali, yara na fitowa suna riƙe sandar da kansu.

Malam Garba:
Duba littattafai 70 fa? Wannan shi ke sa malamai gudun darasin rubutu gaba ɗaya.

Hajiya Talatu:
Ba a duba duka a rana ɗaya. A raba aji gida biyar, kowace rana gida ɗaya, yara 14. Yawancin duban a yi shi ana zagayawa cikin minti 10 ɗin rubutu, yaro na wurin, domin gyaran da aka yi a gabansa da baki ya fi wanda zai tarar gobe. Sauran gidajen su karanta wa abokan zamansu. A ƙarshen darasi yara uku su karanta wa aji, a riƙe jerin sunaye ana yi wa wanda ya yi alama don kada ya zama kullum mutum biyar ɗin da ke ɗaga hannu. Masu saurare su yi tambaya ɗaya a kan labarin, irin "to kunkurun ya mayar da laimar?" Amsar da marubucin zai bayar ita ce jimlarsa ta gaba, a ce ya je ya ƙara ta.

A sa kwanan wata a kowane rubutu, a ajiye na makon farko. In an ɗora shi kusa da na mako na goma, malami da iyaye za su ga tafiyar da aka yi ko da har yanzu akwai kurakurai.

Malama Binta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu na ƙarshe: Malam Isyaku, a ƙara mana take kaɗan da za su dace da aji 2, waɗanda sun wuce cike gurbi.

Malam Isyaku:
Ga wasu. "Fensirinka ya gaji da rubutu, ya bar maka wasiƙa. Me ya rubuta?" Wannan yana koyar da rubutu da muryar wani. "Kin sami ƙaramar ƙofa a jikin bishiya, tsayinta bai wuce yatsa ba. Kin ƙwanƙwasa." Wannan na bin waƙar Malam Nura kai tsaye. "Iska ta ɗauke hular wani, ta bi da ita wurare uku. Ina da ina?" Wannan yana tilasta jeri, kuma "sai" za ta yi aiki sau uku. "Tururuwa ta hau ƙafarka tana ɗauka dutse ne. Me za ta gaya wa 'yan'uwanta in ta koma?"

Wani lokaci kuma a bar magana a kawo abu: tsohon mukulli, gashin tsuntsu, ƙafar safa ɗaya, a cikin jaka. Yara uku su sa hannu su shafa su faɗi abin da suka ji kafin a fito da shi, a rubuta kalmominsu a allo, sanyi, kaushi, laushi, nauyi. Tambayar ita ce na wane ne, kuma ta yaya ya ɓata. In take ya karɓu har yara suna ta magana lokaci ya ƙare, kada a kawo sabo gobe. A ce su buɗe inda suka tsaya, su karanta abin da suka rubuta jiya da yatsa a kai, su ci gaba daga nan.